Likita ya ce ciwon damuwa, surukata ta ce iska ce: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti. Matata ta haihu yau kwana 52, haihuwar fari, namiji. Tana gidansu wankan jego, an yi arba'in amma ba ta dawo ba. Tun bayan suna da kamar mako biyu ta canza. Ba ta barci ko da yaron ya yi barci, abinci sai an tsaya a kanta. Kullum cewa take kanta na zafi kamar an ɗora garwashi a tsakar ka, wani abu na yi mata yawo a jiki kamar kiyashi, gabanta na faɗuwa ba dalili. Yaron kuwa da ta ba shi nono sai ta miƙa wa ƙanwarta, ko kallonsa ba ta yi. Da farko Mama, mahaifiyarta, ta ce kunyar ɗan fari ce. Da abin ya yi nisa ta ce iska ce ta shafe ta a wajen wankan magariba. An kira malami ya yi ruƙiyya sau uku, ta yi ta kuka da ihu, ya ce akwai mutanen ɓoye a jikinta. Ni kuma na fake da rigakafin yaro na kai ta wajen likita. Ya yi mata tambayoyi, ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya rubuta magani, ya ce mu ga likitan ƙwaƙwalwa. Da Mama ta ji sai ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, kuma wace damuwa gare ta, sai in ni ne nake ƙuntata mata. Ta ɓoye maganin. Ita ma matar tawa cewa ta yi ba ta da damuwar komai, jikinta ne kawai. Shekaranjiya ta ce min yaron zai fi jin daɗi in wata ce ta raine shi. Anti, na yarda akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa. Wani abokina kuma ya ce wannan ciwon na Turawa ne, kakanninmu ba su san shi ba. Wa zan bi?

Wani maigida, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Zan fara da abin da ka ajiye can ƙarshen wasiƙarka, don shi ya fi tsaya min a rai. Macen da ta yi goyon ciki wata tara, ta sha naƙuda, sannan ta dubi mijinta ta ce ɗanta zai fi jin daɗi a hannun wata, ba zancen banza take ba. Yau ɗin nan, kafin ka gama auna wa ke da gaskiya tsakanin Mama da likita, ka je ku zauna ku biyu, ka tambaye ta kai tsaye da taushin murya: "Kina jin kin gaji da rayuwa? Tunanin cutar da kanki ko yaron yana zo miki?" Mutanenmu na tsoron wannan tambaya, wai kar a sa wa mutum abin da babu a ransa. Ba ta sa wa kowa komai. Wadda abin ke ci a ciki sauƙi take ji in aka samu mai tambaya. In ta ce e, ko ta sunkuyar da kai hawaye na zuba, to a daina barin ta ita kaɗai da jariri, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti a ranar. Haka nan in ta fara jin muryar da ba wanda ke ji, ko ta ce an musanya mata yaro, ko ta yi kwana biyu uku ido biyu tana surutai ba alamar gajiya. Wannan wani ciwon ne daban mai zafi, yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000 da suka haihu, galibi a makonni biyun farko, kuma ba a kwana da shi a gida.

To, rigimar gidanku rabinta a kan kalma ɗaya ce. Sunan da ke cikin littafin likita na Turanci ne, ya laluba cikin Hausa ya ɗauko "damuwa". A bakinmu kuwa damuwa ba ta zuwa ita kaɗai, da wanda ya kawo ta: bashi, kishiya, miji mai saurin hannu, rashin haihuwa. In ka ce wa uwa 'yarta na da damuwa, tambayar da za ta biyo baya ita ce "wa ya dame ta?" Mama ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga kowa ba sai kai. Ita ma matarka, ka saurari amsarta da kunnen basira. Ta sauka lafiya, ɗa namiji, an yanka rago, kayan barka sun cika ɗaki. Da wane baki za ta ce tana baƙin ciki? Ko a kunnenta butulci ne ga Allah. Tun tana ƙarama aka koya mata cewa amsar "ya jiki?" ita ce "da sauƙi", ko da ranga-ranga aka ɗauko ta. Sai jiki ya karɓi maganar da baki ya kasa faɗa: zafi a tsakar ka, kiyashi a ƙarƙashin fata, faɗuwar gaba. Ba ƙarya take ba, ba kuma raki ba ne, da gaske tana jin su.

A shekarun da na yi ina aikin jinya, da wuya ka ji mace ta shigo ta ce "raina ne a ɓace." Zafin kai za ta kawo, ko yawon jiki, a yi ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod har kuɗin mijin su ƙare. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Yarbawa na da abin da suke kira ode ori, mai shi yana jin wani abu na rarrafe a cikin kansa, kunne na ƙara, zuciya na bugawa. Mutanen Shona na Zimbabuwe cewa suke kufungisisa, wato tunani ya yi yawa, har babban littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya shigar da kalmar a bugunsa na 2013. Baturiya za ta zauna gaban likita ta ce ta tsani kanta, tana jin ba ta da amfani. Bahaushiya za ta dafa tsakar kanta. Sau da yawa ciwo ɗaya suke nunawa, kowacce da harshen da aka raine ta a kai.

Abokinka kuwa, da ya san bakin wa ya ara da ya yi shiru. Cewa baƙar fata ba ya irin wannan ciwo magana ce ta likitocin mulkin mallaka. Wani likita mai suna Carothers da ya yi aiki a Kenya ya rubuta a 1953 cewa irin wannan ciwo da wuya a same shi ga ɗan Afirka, kuma dalilin da ya bayar raini ne zalla, wai tunaninmu bai kai zurfin da za mu yi shi ba. 'Yan Afirka ne suka ƙaryata shi, a gaba-gaba akwai Farfesa Adeoye Lambo, wanda ya dawo daga Landan ya fara aiki a Aro kusa da Abekuta a 1954. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar da ta shafi tunani bayan haihuwa, mafi yawa irin ta matarka. Kakanninmu sun san ta sarai. Sunan ne daban: "jego ya taɓa ta", "ta gamu", "an yi mata baki".

In kuma littattafan Musulunci yake so, akwai Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar mutuwa ko asara. Akwai kuma wanda ke faɗo wa mutum ba sanadi, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai, ya ce wannan daga jiki yake, kuma yana buƙatar maganin jiki tare da lallashi. Fiye da shekara dubu ke nan. Ka kuma buɗe Suratu Maryam. Da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Ba a ce mata imaninta ya yi rauni ba. An ce kar ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa, aka nuna mata dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankali. Ni dai duk lokacin da na ji an daka wa mai jego tsawa wai ta gode wa Allah, wannan ayar nake tunawa.

Sai dai ba zan hana abokin naka ɗan abin da yake da shi na gaskiya ba. Sunayen asibiti ma ba saukar da su aka yi ba, mutane ne suka zauna suka raɗa, da idon zamaninsu da garinsu. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga ubangidansa ciwon ƙwaƙwalwa ke damunsa, har suna ya ba ciwon. Tambayoyi goma da ake yawan yi wa masu jego don gano wannan ciwo a Sikotilan aka tsara su a 1987, ta farko ma a kan dariya ce, ko mace na iya ganin abin ban dariya ta dara. Suna da amfani ƙwarai, amma sai mai tambayar ya san mutanen da yake tambaya. Kawo likita daga waje ka nuna masa yarinyar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa, in baƙi sun shigo ta kau da kai kamar ba ta san shi ba, nan take zai rubuta cewa uwa ta ƙi ɗanta. Mu kuwa mun san tarbiyya ce. Don haka zaton Mama na farko ba shirme ba ne.

Inda ta kuskure shi ne kunya tana da iyaka, kuma iyakarta idon mutane. Ba na mantawa da wata yarinya 'yar ruga da ta haihu a hannunmu. Da rana surukarta na zaune, ta juya wa jaririn baya, har wata sabuwar ma'aikaciya ta fara faɗa. Wajen ƙarfe uku na dare na zo wucewa da tocila, sai na same ta ta ɗora shi a cinya tana ƙirga 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana shinshina kansa. Tana ganina ta ajiye shi da sauri ta ja mayafi. Wannan ita ce kunya. Mai kunya tana cin tuwonta, tana shan kununta, in ta samu sarari barci take kamar an yi ruwa an ɗauke. Akwai wata kuma, matar wani ɗan kasuwa, 'yan barka na shigowa tana murmushi tana "Alhamdulillahi", ba wanda ya ga komai. Da dare sai ta zauna bakin gado ta zuba wa bango ido, yaro na tsala kuka a gefenta kamar ba ta ji. Ka tambayi ƙanwar matarka, ita da ke kwana ɗakin, a cikin biyun nan wacce take gani. Abin da ka rubuto min ya fi kama da ta biyu.

Maganar aljanu ba zan ja da kai ba, ni ma Musulma ce. Gaibu na Allah ne. Abin da zan ce shi ne kuka da ihu a wajen ruƙiyya ba su isa shaida ba. Ɗauki mace da ta yi wata guda ba barcin kirki, a zaunar da ita tsakiyar ɗaki, dangi sun kewaye ta, ana ɗaga murya a kunnenta, kowa ya ƙura mata ido yana jiran wani ya yi magana ta bakinta. Ko ni ce sai na yi ihu. Kuma wata sa'a "ba ni ba ce, su ne" ya fi sauƙin faɗa ga yarinya mai kunya a kan "Mama, na kasa." Shi kansa kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya yana da babi a kan wanda ke jin wani ya hau kansa, ya kuma ware abin da mutane ke yi da son ransu a cikin al'adarsu, irin 'yar borin da Inna za ta hau a wajen wasa, ta sauka, gobe ta koma sana'arta. Ma'aunin da suke dubawa shi ne wahala da tsayawar rayuwa. Matarka tana wahala, rayuwarta ta tsaya. A kan wannan kai da Mama da malam da likita duk bakinku ɗaya.

Don haka ban ga dalilin da za a ce sai ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma ya yi umarni a nemi magani. A ci gaba da addu'a, a karanta mata Falaƙi da Nasi a tofa, ta yi azkar in ta iya, in ta kasa a yi mata. Lambo ɗin da na ambata ma bai kori masu maganin gargajiya ba, ya zauna da su, ya sauki marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, saboda ya gane mutuminmu ba ya warkewa a ware da danginsa. Amma ka ja layi, kai ne mijinta: ba duka da sunan korar aljani, ba hayaƙin barkono, ba shaƙe wuya, ba ɗauri, ba kai ta ta kwana a gidan wani. Duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti sai ya gama aikinsa, a sallame shi da mutunci. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, ɗaruruwan mutane, da yawa da mari a ƙafa, kuma mafi yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu suna neman musu sauƙi.

Yanzu Mama. Kar ka ɗauke ta abokiyar gaba. Ba maganin take tsoro ba, sunan take tsoro. A garuruwanmu sunan asibitin ƙwaƙwalwa zagi ne, a Kano a ce "sai Dawanau", a Sakkwato a ce "Kware". Tana da 'yan mata a gabanta, ta san ranar da masu neman aure za su zo bincike wata maƙwabciya za ta rage murya ta ce "gidan dai akwai taɓin hankali." Iska kuwa ba abin kunya ba ce, kowa na iya gamuwa, ba ta bin jini. Ka ga ashe da ta ce iska, rufa wa 'yarta asiri take yi da abin da ta iya. Ta kuma taɓa ganin wanda aka ɗora wa magani mai nauyi ya sandare, yawu na zuba, yana tafiya kamar an saka masa itace a baya. Wannan na faruwa da wasu magungunan na wani ciwon daban, kuma ko shi ana gyara shi in an koma wa likita. Irin wanda ake ba mai ciwon matarka ba haka yake ba, ba kuma ya kama mutum irin kamun tiramol. Akwai waɗanda mai shayarwa ke sha lafiya lau, a dai tabbatar likita ya san tana ba da nono. Yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kar a ce bai yi ba a kwana uku, kar kuma a yanke shi rana ɗaya don an ga ta warware.

Ka sauƙaƙa wa Mama hanya. Ba dole sai asibitin da sunansa ke firgita ta ba. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ƙofar da mai ciwon ido da mai karaya ke shiga ita za ku shiga. Ka kuma roƙi a duba jininta ko ya yi ƙasa, a duba ƙullin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, don rikicewarsa bayan haihuwa na kawo faɗuwar gaba da rashin barci. In akwai kumburin ƙafa ko haki in ta kwanta, a duba zuciya. A nan Zariya aka yi fitattun bincike tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar masu jego, aka kuma alaƙanta yawansa da kunun kanwa da zafin wanka da gashi. Wannan ba wayo za ka yi wa Mama ba, bincike ne da ya kamata a yi, kuma magana ce da za ta shige ta. In za ka ba ciwon suna a gabanta, ka bar "damuwa" ka bar "ƙwaƙwalwa", ka ce ciwo ne da ke biyo haihuwa, kamar yadda hawan jini ke biyo ciki, ana shan magani a warke. Gaskiya ka faɗa.

Kai ma da naka laifin, ƙanena. Ka ɗauki 'yar mutane daga ɗakin uwarta da sunan rigakafi ka kai ta wani wurin. Niyyarka mai kyau ce, amma Mama ta ji an zagaye ta, kuma rabin fushinta na wannan ne. Suruki ba ya musu da surukarsa a tsakar gidanta ya ci riba. Ka nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ko limamin unguwa mai fahimta ko wata ƙawarta da ta yi aikin asibiti, ka fara yi masa bayani, ku je tare. Ka durƙusa ka ba ta haƙuri a kan ɓoyewar, ba a kan kai ta asibitin ba. Sannan ka roƙe ta ita da kanta ta raka ku ganin likita, ta faɗa masa da bakinta abin da ta gani tun daga ranar suna, har zancen wankan magaribar. Likitan kirki ba zai yi mata dariya ba, zai ma tambaye ta me take ganin ya kawo ciwon. Uwar da aka ba kujera a ɗakin likita ita ce za ta riƙa tashi da asuba tana miƙa maganin.

Kafin nan, a sama wa matarka barci. Ƙanwarta ko Mama su riƙa ɗauke yaron bayan ya sha nonon dare, ta samu awa huɗu ko biyar a jere ba a tashe ta ba. A rage mata 'yan dubiya masu zuwa da labarin wance da aka yi wa jifa. In ka je, kar ka ce ta yi haƙuri, ta sha jin wannan. Kar kuma ka tsare ta da "me na yi miki?" Ka ɗauki ɗanka a gabanta, ka zauna kusa da ita ko ba za ta ce uffan ba. In ta ce kanta na zafi, ka ce ka yarda, ka jiƙa tsumma da ruwan randa ka ɗora mata.